Warin daudawa a gidan ma'aikaci

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Maraɗi, ɗan shekara 52, wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana riƙe da littafan kuɗi a biro guda. Shekara da shekaru safiyarsa iri ɗaya ce. Ƙarfe bakwai ya tada moto, ya tsaya teburin mai shayi na bakin hanya, a haɗa masa kafen gwangwani da madara mai kauri da sukari ƙwaya uku, ya kora da rabin burodi. Ƙarfe goma a aiko masa da wani kofin har biro. Da rana ya koma gida ya tarar da miyar da uwargida ta jefa wa dunƙule biyar, ban da gishirin da ta barbaɗa da hannu. Bai taɓa kwana asibiti ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Wata ranar bazara ƙeya ta riƙe shi, jiri ya ɗebe shi bisa moto har sai da ya tsaya ya dafa bango. Likita ya ɗaure masa damtse ya auna, ya bar shi ya huta, ya sake aunawa: 18 bisa 11. Mai karatun da ya taɓa miƙa hannu aka auna shi ya san daga 14 bisa 9 ake fara maganar hawan jini, ciwon nan da ƴan birni ke ce wa tansiyo. Aka rubuta masa ƙwaya guda kowace safiya, aka ce ya rage gishiri da dunƙule, ya sassauta wa kafe, ya dawo bayan wata guda.

Uwargida ta ɗauki maganar likita da iyakar gaskiyarta. Ta ware masa ƴar tukunya, ba gishiri, ba dunƙule, ba kome sai ruwa da kuka da tsoka biyu. Miya ta fito lami. Ya yi loma uku ya wanke hannu, ya ce alhamdu lillahi. Kafin sati biyu ya koyi biyawa wajen mai tsire da magariba, ya ci ya goge baki kafin ya shiga gida, ita kuwa tana ganin kwanonsa na dawowa da tuwo tana kuka a ɓoye, tana zaton ciwon ne ya hana shi ci. Ta haka ƙarya ta shiga gidan da shekara 24 ba a san ta ba.

Ana cikin haka labari ya kai wa mahaifiyarsa, a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Tsohuwa ta shiga motar kasuwa ta iso da buhu a ka. Da aka kwance shi tsakar gida, yara suka toshe hanci suka watse: daudawar batso ce curi-curi, da gabu, da busasshiyar kuɓewa, da ƙullin kanwa.

A nan sai an koma baya kaɗan. Daudawa ba ta taɓa shiga gidan nan ba, kuma shi maigidan ne ya hana. Tun yana lise, a ɗakin kwanan ɗalibai, ƴan birni suka shinshina akwatinsa suka laƙaba masa sunan da bai so, sunan ya bi shi shekara uku. Da ya sami aiki ya yi aure, sharaɗin farko da ya gindaya wa amarya shi ne kada tufafinsa su je biro da warin ƙauye. Ba shi kaɗai ba ne. Ma'aikata da dama sun ɗauki dunƙule mai takardar ƙyalli alamar an waye, kamar taye da agogon hannu. Sau biyu a rayuwarsa ya ga an tuna da kayan gida: a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ya tashi daga dala goma ya koma dala ashirin, duk abin da ke cikin gwangwani ya yi tsalle, sai kuma a 2023, da aka rufe iyakoki kaya suka yanke. Duka biyun, da al'amura suka lafa aka mai da daudawa inda aka ɗauko ta. Abin da talauci ya sa mutum ya ci, da wuya ya ci shi da daɗin rai.

Tsohuwa ba ta san da wannan lissafi ba, ko kuma ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta dubi sarakuwarta ta ce: «Ɗiyata, me kike ba shi wannan, ya zube haka?» Aka kawo mata tukunyar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. «Ko akuya sai an lasa mata gishiri. Ba ni turmi.»

Ta daka daudawa da gabu da tafarnuwa da ƴar citta da masoro, ta haɗa da kan busasshen kifi, ta zuba a mai ta bari ya soyu har maƙwabta suka san an yi baƙuwa. Gishirin da ta sa bai wuce abin da yatsu uku ke ɗauka ba. Da dare maigida ya zauna yana ɓata rai, ya kai lomar farko don kada ya saɓa wa Inna. Sai da ya suɗe kwano.

Abin da ya faru cikin tukunyar nan ba sihiri ba ne. Daudawar batso daga gurguzu ake yin ta, wato ƴaƴan yakuwa. A dafa su yini guda har su yi laushi, a rufe a bar su kwana biyu, a daka da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a cura a shanya. Ta kalwa, wadda ake yi da ƴaƴan ɗorawa, ita ma hanyarta ke nan: dafuwa, surfe, wanki, rufi. Cikin kwanakin rufin nan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, su ke warware furotin ɗin iri. Warin da ake gudu daga nan yake fitowa, garɗin ma daga nan. Sinadarin garɗin shi ne gulutamat, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cikin romon ciyawar teku. A shekarar nan dai kamfanin Julius Maggi, mutumin Suwis, ya fito da dunƙulen da yau sunansa ya zama sunan kowane dunƙule a kasuwanninmu, ko wane ne ya yi shi. Ke nan abin da masana'anta ta naɗe a takarda, shi tsofaffin Tasawa ke girkawa cikin tukunyar ƙasa tun kaka da kakanni.

Bambancin yana wajen gishiri. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, ba kuma yadda mai girki za ta ɗauki garɗin ta bar gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da na burodi da na tsire da na kilishi. Daudawa kuwa garɗi take kawowa, ta bar wa hannun mai girki hukuncin gishiri. Iyakar fa'idarta ga mai hawan jini ke nan, kuma ba ƙarama ba ce. Amma wanda ya ce maka daudawa na warkar da tansiyo, ko dai bai sani ba, ko yana da daudawar sayarwa.

Ba kullum tsohuwa ke da gaskiya ba. Kwana na uku ta jiƙa kanwa a ƙoƙo ta ce a ba shi ya sha, wai tana wanke ciki ta sauke jini. A nan uwargida, wadda ba ta taɓa musu da ita ba, ta durƙusa ta ce: «Inna, ki yi mini aikin gafara, wannan kam ba zai sha ba.» Kuma ita ke da gaskiya. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, sodiyom ɗin da ke tada jini yana cikinta maƙil. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Haka aka yi da gishirin Bilma da tsohuwa ta fi so: uwargida ta tsaya kan na leda mai iyod, domin in an rage dunƙule aka kuma bar gishiri mai iyod, an buɗe wa maƙoƙo ƙofa, yara su za su fara biya. Tsohuwa ta yi fushin yini guda. Washegari ta ba tumaki kanwar.

Maganar kafe ta fi wuya, don shi ba a tukunya yake ba. Likita cewa ya yi a rage, shi kuwa da zafin tuba ya yanke gaba ɗaya rana guda. Kafin ya kwana kai ya fara sara kamar ana faskare, ya zaci jinin ne ya sake hawa. Ba shi ba ne: jikin da ya saba da kafeyin in aka yanke masa, ciwon kai kan zo cikin yini guda, ya yi kwana biyu yana tsanani, ya wuce cikin sati ko kwana tara. Abokin aikinsa ya ba shi shawarar goro. Ya kama ci, kai ya lafa, yana ta yabon goro, har ranar da likita ya yi dariya ya ce masa ai kafeyin ɗin ne ya shigo ta taga. Shayin gilashi uku da samari ke dafawa a fada shi ma haka.

Tsohuwa ta tuna da rai-ɗore, tsiron nan na bakin juji da wasu ke ce wa sanga-sanga. A zamanin ƙuruciyarta akan soya ƴaƴansa su yi baƙi a daka, a dafa a sha. Turawan mulki ma kafen baƙar fata suke kiran sa. Ba shi da kafeyin. Sai dai ɗanyensa guba ne, makiyaya sun san yana kashe dabbar da ta ci shi da yawa, kuma a 2007 likitoci a Indiya suka bayyana cewa cin ɗanyun ƴaƴansa ne ke kashe yara a yammacin jihar Uttar Pradesh, ta hanyar lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Gida mai yara shida ba wurin ajiye irin wannan ba ne, aka bar shi. Aka koma ga ƙwallon dabino, wanda da azumi ake zubarwa tuli-tuli. A wanke shi a shanya, a soya a kasko kan wuta marar ƙarfi har ya yi duhu, a daka a tankaɗe. In aka tafasa da citta da kanumfari yana ba da ruwa baƙi mai ɗan ɗaci da ƙamshin suya. Ba kafe ba ne, kuma harshen da ya shekara talatin yana shan kafe ba a ruɗinsa. Amma ba abin kunya ba ne: Faransawan da suka koya mana kafe su ma saiwar shikore suka soya suka sha lokacin da Napoleon ya rufe tasoshin Turai ga kayan Ingila a 1806, har yau kuma suna sayar da ita a gwangwani.

Da yamma uwargida kan jiƙa masa zoɓo ba sukari. Wani Alhaji maƙwabcinsa, ɗan kasuwa mai fatauci zuwa Katsina, ya rantse masa cewa zoɓo kaɗai ya isa, ya jefar da ƙwayoyin Nasara da ke cinye albashi. Maganar ta shige shi, domin farmasi ba ta san ƙarshen wata ba. Kwana huɗu bai sha ƙwaya ba. Da ya koma awo aka sami 17, likita ya dube shi bai ce kome ba, shi da kansa ya faɗi gaskiya. Zoɓo yana da nasa aiki: a binciken da aka buga a Amurka a 2010, mutanen da suka sha kofi uku kullum har sati shida jininsu ya sauka da kimanin maki 7 a awon Turawan can, wanda a namu awon bai cika ɗaya ba. Mai 18 in ya cire abin da bai kai ɗaya ba, yana nan inda yake.

Abin da ya fi ba shi kewa ashe ba kafen ba ne, teburin ne. Wata guda yana wucewa ta gaban mai shayi yana ɗaga hannu, yana jin ana gardamar albashi da farashin hatsi ba shi. A Hausa in an tambayi mutum lafiya, ana nufin jikinsa da gidansa da zamansa da mutane, shi kuwa ya gyara guda ya bar sauran. Ranar wata Litinin ya tsaya da tarmos ɗinsa a hannu, ya zauna wurinsa na da, ya sayi burodi, ya tsiyaya ruwan dabinonsa. Aka yi masa ba'a har da tafi. «Mushe, an koma ƙauye ke nan?» Ya ce a ɗanɗana. Mutum biyu suka kurɓa suka tofar, na ukun, wanda shi ma ashe yana ɓoye takardar likita a aljihu, ya tambayi yadda ake suyar.

Bayan wata uku awo ya nuna 14 bisa 9. Ƙwayar tana nan kowace safiya, likita ya ce ba ranar bari. An yarje masa kofin kafe guda ranar Juma'a, sukari ƙwaya ɗaya. Tukunya ta koma guda ga gida duka, dunƙule biyar sun koma ɗaya, yara sun daina toshe hanci sai babbar ɗiyar, wadda ke lise, har yanzu tana shanya rigar makarantarta can bayan ɗaki, nesa da murhu. Uban yana gani ba ya cewa kome.

Ranar da tsohuwa za ta koma, suka raka ta tasha. Ta riga ta shiga mota sai uwargida ta matso taga ta ce: «Inna, in kaka ta yi a aiko mini da gurguzu tiya biyu, ina so in gwada da hannuna.» Tsohuwa ta ce tiya biyu ba ta kai ko'ina, rabi zai lalace kafin hannu ya faɗa. Ta ce za ta aiko da huɗu, da tukunyar.