Waƙoƙi Takwas da Suka Kusa Ɓata

A Suame Magazine ba ma zubar da ƙarfe. Injin da aka yanke wa ƙauna a Jamus, a nan Kumasi muke warware shi, mu wanke, mu ƙera masa abin da ya rasa, ya sake kama hanyar Tamale. Da wannan muke tinƙaho, har ranar da wani yaronmu mai koyon aiki ya kunna kiɗa a wayarsa bayan sallar azahar.

Jita ce mai kaushin murya, kamar ana wasa ƙarfe a dutse, ganguna irin na gida suna biye da ita. Tsohon maigidanmu ya ajiye sufana.

"Kai yaro, ina ka samo wannan?"

"A intanet, Masta."

"Aliens ke nan. Na taɓa mallakar faifansu."

The Psychedelic Aliens samarin Accra ne da suka ɗauko salon rok mai jirkita sauti, irin na Jimi Hendrix, suka ɗora shi a kan kiɗan ƙasarsu. Sun fitar da ƙaramin faifai mai waƙa huɗu a 1970, suka ƙara wasu biyu a 1971. Ranar 6 ga Maris, 1971, sun hau dandamalin bikin Soul to Soul a Accra, inda Santana da Wilson Pickett suka yi wasa. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. Sai a 2010 kamfanin Academy na New York, tare da wani Bajamushe mai farautar tsofaffin faifai, Frank Gossner, suka tattara waƙoƙin nan takwas da sunan Psycho African Beat.

Wanda ya saurara zai ji matasa suna gwaji, suna haɗa na baƙi da na gida su ga ko zai tashi. Aikin da muke yi ke nan kullum a gareji, shi ya sa kiɗan bai zame mana baƙo ba.

Muka tambayi maigida ina nasa faifan. Ya ce zafin ɗaki ya lanƙwasa shi, yara suka ƙarasa shi da wasa. Muka yi tsit, domin kowannenmu ya tuna da kwalin kaset da ke ƙarƙashin gadonsa: waƙoƙin bikin iyayenmu mata a Zango, kiɗan goge, karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Aliens sun sami mai nemansu daga ƙetare. Muryoyin nan kuwa, in ba mu ba, wa ya san da su?

Ranar Asabar muka kawo kwali na farko. Wasu kaset ɗin zarensu ya manne, ba su ƙara magana ba. Sauran yaron yana juye su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, maigida na zaune gefensa yana faɗa masa sunan mai kowace murya.