Inda Littattafanmu Suke Kwana

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, magana ce a kan inda littattafanmu suke kwana. Da yawa daga cikin littattafan da muka kai kasuwar Kano tun farkon shekarun 2000 ba su da wani asali sai a cikin tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP. In kwamfutar ta mutu, sai dai marubuci ya bi gidajen amare yana cigiyar kwafin da ya yage.

Ni uku gare ni a nan Zango, duk na hannu ne da na sayo a Kano. Ɗaya ta buga rubutu ce, ɗaya tana ɗauke da PageMaker 7 na tsara shafi, ta uku kuwa ita ke riƙe da firinta. Abokai sun sha ce mini, "Malam, ka watsar da waɗannan tarkacen mana!" To ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kamfanin Adobe bai sake fitar da wani PageMaker ba bayan na 2001, kuma sababbin kwamfutoci ba sa shiri da shi. Ga batun ƙugiya. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar mana da haruffan Rabi'at da Abdalla, Allah ya saka masa da alheri, da su muka buga komai. Amma ka buɗe rubutun a inda babu su, sai ka ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya".

Shi ya sa na nemi wani matashi da ya karanci kwamfuta ya ɗaura musu aure. Ina zaune ya yi aikin, kuma wallahi bai kai wuyar tsara babi ɗaya ba. Ya kawo ɗan akwati mai ramuka takwas da ake kira suwic, ya ja waya daga kowace kwamfuta zuwa cikinsa. Ya raɗa wa kowacce sunanta, don ba a yarda biyu su yi suna ɗaya ba, amma ya ba su sunan rukuni guda, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Sannan ya rubuta musu lambar adireshi da hannu: 192.168.1.1, ta biyu ta ƙare da 2, ta uku da 3. Daga nan ya buɗe jaka ɗaya a ta tsakiya wadda kowa zai iya shiga, ya ba sauran izinin amfani da firinta. Shi ke nan, yawo da filashi daga tebur zuwa tebur ya ƙare.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in kuskura in haɗa su da intanet. Tun ranar 8 ga Afrilu 2014 Microsoft ta daina toshe ɓarakar XP. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta tsohuwar ƙofar musayar fayil irin wadda kwamfutocina suke gaisawa ta cikinta, ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila. Shi ya sa sababbin Windows suke zuwa da wannan ƙofa a garƙame. Saboda haka nawa sun zama matan kulle, suna hira a tsakaninsu, ba sa leƙa waje.

Sai dai mai karatu kada ka ɗauka na haɗa su ne don su dawwama. Kwamfutar da ta haura shekara ashirin tana shan ƙurar hunturun ƙasar Daura da zafin bazara, ga wuta a kawo a ɗauke, ai kullum cikin bankwana take. Na haɗa su ne don in kwashe kayana tun da sauran numfashi. Na tattara littattafan da suka warwatse a rumbuna uku zuwa jaka ɗaya, kowane dare ina ɗaukar guda, in mayar da ƙugiyoyinsa zuwa tsarin Yunikod da kowace waya take karantawa, in fitar da shi a PDF, in ajiye kwafi a wurare uku, ɗaya ma a gidan ƙanwata a Daura.

Kirana ga 'yan'uwa marubuta, musamman iyayenmu mata da suka fi mu yawan littattafai, shi ne: ku tambayi wanda ya buga muku aiki ko tsohuwar kwamfutarsa tana nan. In tana nan, ku je yau, kada ku bari sai gobe, don masu sayen kayan bola ba sa tambayar abin da ke ciki, a kilo suke saye. Allah ya sa mu dace, amin.