Yunwar Ciki da Yunwar Hanci

Wataƙila mai karatu ya ga rashin dacewa a tayar da zancen rage ƙiba a Sabon Birni da Isa, ƙasar da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu, har dubban jama'a suka tsallaka yankin Maraɗi tun 2019. Duk da haka, a garuruwan nan akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da hajiyoyi waɗanda jiki ya yi wa nauyi, hawan jini da ciwon sukari suna bin su sannu a hankali. Al'ada kuma tana rufa wa cutar asiri, domin a Gobir teɓa shaidar wadata ce.

Kawuna yana cikinsu. Yakan tashi daga gaban akushin tuwo a ƙoshe, amma da zarar hayaƙin tukubar mai tsire ya bugi hancinsa, sai ƙafa ta karkata. Likita ya lissafa masa abubuwan da zai bari. Ya riƙe mako biyu, ya saki. Dangi suka ce rashin haƙuri ne. Ni ban yarda ba.

Tun zamanin Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya nuna yadda karnuka ke zubar da yawu da jin alamar abinci kawai, aka san cewa jiki yana amsa kiran da ba na ciki ba, kuma wasu mutane sun fi wasu jin wannan kira. A 2022, Kerri Boutelle da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka wallafa binciken da suka yi da manya 271. Wasu an koya musu ƙidaya abin da suke ci. Wasu kuwa an horar da su su tantance yunwa ta gaskiya, su fuskanci abincin da ya fi jan ransu, su dube shi, su shinshina, su jira har kwaɗayin ya lafa. Cikin masu saurin amsa kiran abinci, waɗanda suka bi hanya ta biyu sun fi hana ƙibar dawowa.

Wannan horo ba baƙo ba ne gare mu. Mai azumi yakan wuce mai ƙosai da la'asar sakaliya, ƙamshi na dukansa, bai miƙa hannu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne zaure. Wa zai mayar da ƙwaryar furar mai masauki, a ce masa, "Alhaji, ko ka raina ne?" Mutanen San Diego ba su da wannan jarrabawa.

Dabarar da kawuna ya kama ita ce ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓi ludayi ɗaya, ya yaba damun, ya miƙa wa na kusa. Bai canja hanyarsa ta komawa gida ba. Yana tsayawa wurin mai tsire su gaisa, ya tambayi kansa ko ciki ne ke kira ko hanci, kuma sau da yawa yakan wuce hannu wofi.