'Yar Butar Italiya a Kan Rishona

Shekara bakwai na yi ina aikin dare a ɗakin labarai, kuma abin da ya riƙe idona a buɗe duk tsawon shekarun nan shi ne gahawar leda, irin wadda ake haɗowa da madara da sukari a ƙunshi ɗaya. Leda uku kafin ƙarfe biyun dare, wani lokaci huɗu idan ana dakon sakamakon zaɓe. Ban taɓa juya ledar na karanta abin da ke bayanta ba, sai ranar da likita ya dubi takardar gwajin jinina ya tambaye ni ko akwai mai ciwon sukari a gidanmu. Akwai. Mahaifina ya daɗe yana fama da shi, har ganinsa ya yi rauni kafin Allah ya karɓi ransa. Likitan ya ce ban kamu ba tukuna, amma ina bakin ƙofa. Da na koma gida na duba jerin kayan haɗin, sai na tarar sukari ne a sahun farko, gahawar kuwa tana can ƙasa. Ashe shekara bakwai ruwan sukari nake sha da sunan gahawa.

Barinta gaba ɗaya bai yiwu gare ni ba, don aikin bai sauya ba. Na gwada garin gwangwani ba sukari, na ji kamar jiƙon maɗaci. Ina cikin wannan hali na ci karo da wata 'yar buta a tarin kayan gwanjo, tsakanin tsofaffin dutsen guga da filas. Ta alminiyom ce, mai kusurwa takwas, da siririn ƙugu a tsakiya da baƙin mariƙi. Mai kayan ma bai san amfaninta ba. Ya ce wataƙila ta turaren wuta ce. Ni kuwa na taɓa ganin irinta a finafinai, don haka na biya na tafi da ita.

Sunanta moka. Wani maƙerin alminiyom ɗan Italiya, Alfonso Bialetti, shi ya fito da ita a 1933, a yankin Piyemonte da ke arewacin ƙasar. Labarin da ake bayarwa shi ne ya ɗauko dabarar daga tukunyar wankin da matan garinsu ke amfani da ita, wadda ke tura ruwan sabulu mai zafi sama ta cikin bututu ya zubo a kan tufafi. A lokacin, wanda ke son gahawa mai ƙarfi sai ya je shago inda ake da babban inji. Butar ta kawo kusan irinta cikin madafar gida. Ɗansa Renato ne ya cika duniya da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma hoton ɗan mutumin nan mai gashin baki da ke jikin butocin kamfanin, shi aka zana. Da ya mutu a 2016, iyalinsa suka zuba tokarsa a cikin wata babbar butar moka suka kai coci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sunan kuwa ya fi kusa da mu fiye da Italiya. Moka gari ne a Yaman, a gaɓar Bahar Maliya, wanda daga tasharsa aka daɗe ana fitar da gahawa zuwa sassan duniya. A Yaman ɗin ne sufaye suka riƙa shanta tun ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri, kuma kalmar tamu, gahawa, daga Larabci ta zo. Na fi son ta a kan "kofi", don in ka ce a ba ka kofi a gidan Bahaushe, ba mamaki a miƙo maka abin shan ruwa.

Butar kashi uku ce. Akwai gindi, inda ake zuba ruwa. Akwai mazurari da ke zama a bakin gindin, mai rariya a ciki, inda ake zuba garin gahawa, ƙafarsa kuma tana nutse cikin ruwan. Sai sama, wanda ake murɗawa a kan gindin, da wata rariya da zoben roba a ƙarƙashinsa da bututu tsaye a tsakiyarsa. Idan aka ɗora a wuta, iskar da ta rage a saman ruwan tana faɗaɗa, tururi yana ƙaruwa, kuma ba su da hanyar fita. Sai su danna ruwan ƙasa, shi kuma ya bi ƙafar mazurari ya hau, ya ratsa garin, ya fito ta bututu ya taru a sama. A gefen gindin akwai ɗan bawul na tagulla, wanda aikinsa shi ne ya saki tururi idan hanya ta toshe.

Duk wannan na sani a ka, amma wata biyu na yi ina shan ɗaci. Kuskurena na farko shi ne danna garin da bayan cokali, kamar yadda na ga ana yi a shagunan gahawa. Wata safiya butar ta yi shiru fiye da kima, can sai bawul ɗin ya fashe da shewa, tururi ya cika madafa, matata ta fito da gudu ɗauke da yaro tana salati. Injin shago yana tura ruwa da matsin da ya kai ninki tara na nauyin iskar da ke kanmu, shi ya sa yake iya ratsa garin da aka danne. Moka ba ta wuce ninki ɗaya zuwa biyu ba. Idan ka danne mata gari, ka toshe mata hanya ke nan. Wannan bambancin matsin ne ma ya sa masana ba sa yarda a kira abin da take fitarwa esfireso, ko da yake haka ake tallarta. Gahawa ce mai kauri da ƙarfi, amma ba za ka ga kumfar nan mai ruwan zuma ta zauna a kanta ba, kuma wanda ya saye ta don kumfar zai yi ta ganin laifinta a banza.

Na daina dannawa, ɗacin bai tafi ba. Na zargi garin, na sauya. Na zargi robar, wadda dama ta bushe ta tsattsage, na sa aka kawo mini sabuwa daga Legas. Yoyon gefe ya tsaya, ɗacin yana nan.

Wanda ya warware mini matsalar bai taɓa shan gahawar moka ba. Mai gadin layinmu ne, wani dattijo Buzu daga wajen Agadas, wanda kullum da yamma za ka same shi da 'yar butarsa shuɗiya a kan ɗan kurfoti yana dafa shayi. Wata rana gas ɗinmu ya ƙare, na fito da risho tsakar gida na ɗora butar, harshen wuta yana lasar gefenta har mariƙin ya fara wari. Ya leƙo karɓar ruwan sanyi, ya tsaya yana kallo.

"Malam, sauri kake yi?"

"A'a, Baba. Gahawa nake dafawa."

"To wutar nan ta dafa wake ce. Rage ta."

Na rage har harshen ya koma ƙarƙashin gindin butar. Maimakon feshin da na saba gani, sai gahawar ta fara gangarowa daga bututu a hankali, baƙa wuluk, kamar zuma daga saƙa. Daga baya na fahimci dalilin. Ruwan moka yana fara hawa tun bai tafasa ba, kuma wannan ruwan na farko shi ke ɗebo ƙamshi da ɗan zaƙin da ke cikin garin. Yayin da ruwan gindin ke raguwa, zafi yana ƙaruwa, har a ƙarshe abin da ke ratsa garin ya zama tururi zalla, wanda ba ya ɗebo komai sai ɗaci da bauri. Ƙarar nan ta gur-gur da nake jira a matsayin alamar gahawa ta nuna, ashe alama ce ta cewa na makara. Babbar wuta tana gaggauta isowar wannan mataki, ta ƙona abin da ya taru a sama.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina zuba ruwan da ya riga ya yi zafi a gindin, ya tsaya ƙasa da bawul, don kada garin ya daɗe yana gasuwa kafin ruwa ya iso shi. Sai dai a riƙe gindin da tsumma wajen murɗawa. Garin ya ɗan fi na injin shago tsakuwa, kamar gishirin leda. Ina cika mazurarin, na share samansa da yatsa, na goge bakinsa don robar ta zauna daidai. Wuta ƙarama, murfi a buɗe. Da zarar kalar abin da ke fitowa ta koma fari-fari, sai na sauke, na tsoma gindin a ruwan sanyi don hawan ya tsaya. Bayan na gama, na wanke da ruwan ɗumi, na bar kowane kashi ya bushe daban, don alminiyom yana yin tabo idan aka rufe shi da danshi.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya sani. Butar ba ta yarda da rabin awo: in ta kofi uku ce, uku za ka dafa, kuma kofinsu ɗan ƙarami ne, bai fi na shayin Buzaye da yawa ba. Samun gari mai kyau shi ne babbar wahala a nan, kuma kuɗinsa ya fi na leda nesa ba kusa ba. Abin takaici, ana noman gahawa a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, amma ya fi sauƙi ka samu wadda ta tsallako teku a kantunan Abuja fiye da tamu. Sai dai butar ba ta neman lantarki, ba ta neman takardar tacewa, kuma a gas, a risho, a garwashi, duk tana aiki.

Yanzu buta ɗaya nake sha a yini, kafin na tafi aiki, ba sukari, wani lokaci da dabino guda. A gwajin da na yi na baya-bayan nan, likita ya ce lambar ta sauko, ko da yake ya danganta hakan har da tafiyar ƙasa da na fara da rage lemon kwalba.

Ranar wata Juma'a na kai wa Baba ɗan kofi don ya ɗanɗana abin da ya gyara. Ya kurɓa, ya ɗan yi shiru, ya miƙo mini abina.

"Ta dahu daidai," in ji shi. "Amma ba ka da sukari ne?"