Autanmu Da Falwaya



Akwai wani bawan Allah da kowaccenmu take cin moriyarsa kullum, amma da wuya ki samu wadda ta taɓa sa shi a addu'a. In an kawo wuta, yara su ɗauki ihu, ke kuma ki yi maza ki jona dutsen guga, ki jera ruwa a firij, ki tura markaɗe, ki sa waya a caji. In an ɗauke kuwa sai tsaki da Allah ya isa, wata ma har ta haɗa da iyaye. A bakinmu ba shi da suna, "ɗan NEPA" kawai muke cewa, alhali NEPA ɗin ma ta daɗe da zama tarihi. A 1972 aka kafa ta, a 2005 ta koma PHCN, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, mu mutanen Kano da Katsina da Jigawa muka koma hannun KEDCO. Sunaye sun canja, amma mutumin da ke saɓa tsani ya hau falwaya cikin tsakar rana yana nan yadda yake. A kansa nake so mu tattauna yau, domin autanmu ya zama ɗaya daga cikinsu.

Auta ya yi makarantar fasaha ne, inda ya karanci aikin wayarin. Burin Hajiyarmu shi ne a kama masa ɗan shago a bakin titi, ya riƙa haɗa wutar gidaje yana gyaran fanka, ya dawo gida kafin magariba. Da ya ce shi aikin layi yake so, wato aikin manyan wayoyin nan na kan titi, ranar Hajiya ko tuwon dare ba ta ci ba.

Ta ce, "Auta, duk sana'o'in da ke duniya ka rasa wadda za ka zaɓa sai wadda ake mutuwa a rataye?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri ki sa mini albarka. Ni ba hawan ganganci zan yi ba, koyo zan je in yi a wajen masu shi."

Tsoron Hajiya kuwa yana da dalili. A unguwarmu an yi wani yaro mai kirki, mai zafin nama, wanda bai taɓa zama a aji an koya masa wuta ba, bin masu gyara kawai ya yi har ya iya riƙe filaya da tasta. Duk sanda fiyus ɗin taransifoma ya ƙone, sai matan layi mu haɗa ɗari biyu biyu a ba shi ya je ya ɗaura. Kowa na yabonsa, ana cewa ya fi ma'aikatan sauri. Wata rana da damina ya hau falwaya don ya canja wa wani gida layi, a zatonsa babu wuta tunda unguwa duhu ce. Yana sama aka kawo ta. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannunsa na dama sai da aka yanke shi daga gwiwa. Wannan hoton ne Hajiya take gani duk sanda aka ambaci falwaya.

To amma 'yar uwa, abin da na fahimta daga baya shi ne, wannan yaron da Auta ba hanya ɗaya suka bi ba, ko da yake turke ɗaya suke hawa. Shi aikin layi ƙofa gare shi, kuma ta ƙofar ake shiga. Yaro zai gama sakandare ko makarantar fasaha ya samu takardar NABTEB, ko ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na 3 a hau na 2 sannan na 1. Akwai kuma NAPTIN, cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2009 don horar da ma'aikatan lantarki, tana da rassa a wurare irin su Kaduna da Kainji, kuma cikin kwasa-kwasanta har da na masu aikin layi. Bayan takarda kuma sai zama a ƙarƙashin babba. Auta ya yi watanni ko ƙafarsa bai ɗora a kan tsani ba. Aikinsa haƙa rami, jan waya, ɗaukar tsani, miƙa kaya da igiya, da kallo.

Har ya zo mini da ƙorafi wata rana, ya ce, "Yaya, ni fa na gaji. Na zo koyon hawa, an mayar da ni ɗan dako."

Na ce, "Me ogan naka ya ce?"

Ya ce, "Wai wanda bai iya ganin haɗari daga ƙasa ba, in ya hau sama gawa za a sauko da ita."

Na ce, "To ka riƙe wannan ogan hannu biyu, uba ne."

A bakin Auta na fara sanin irin tafiyar da wutar ɗakina take yi kafin ta iso. Wata daga madatsun ruwa take fitowa, irin su Kainji da aka buɗe a 1968 da Shiroro da aka buɗe a 1990, mafi yawanta kuma daga tashoshin gas na kudu. Tana tasowa a kan dogayen ƙarafan nan da muke hange a daji in muna tafiya Kaduna, da ƙarfin bolt 330,000, har ta sauka a tashar Kumbotso. Daga nan a yi ta rage mata ƙarfi daki-daki, 132,000, sai 33,000, sai 11,000, wadda ita ce ke shiga taransifomar unguwa. Taransifoma ce ke sauko da ita zuwa wajen 230 da muke jona firij da ita. Kin ga ke nan wayoyin nan guda uku da ke can ƙololuwar falwaya, ƙarfinsu ya kusa ninka na soket ɗin ɗakinki sau hamsin. Ita kuwa ta soket ɗin ma ba abar wasa ba ce, don wutar da ƙwan fitila ɗaya mai wat 60 yake ja ta fi ƙarfin abin da zai tsayar da zuciyar ƙato. Mugun halinta kuma shi ne, in ta kama tafin hannu sai ta danƙe shi, mutum yana so ya saki ba dama. Babban layi kuwa ba ya ma jiran ka taɓa shi, in ka matsa kusa sosai sai wutar ta yi tsalle ta same ka.

Na tambaye shi, to yaya tsuntsu ke zama a kan waya lafiya lau? Ya yi dariya ya ce ai wuta hanya take nema ta wuce zuwa ƙasa ko zuwa wata wayar. Tsuntsu waya ɗaya ya taka, bai taɓa komai ba, ba ta da inda za ta bi ta jikinsa. Mutum kuwa ƙafarsa na kan tsani ko jikin turke, shi ne hanyar.

Shi ya sa ma'aikacin gaske ba ya hawa don ya ga unguwa ta yi duhu. Sai an kashe layin daga tushe, an ba shi izinin aiki, an rataya alamar kada kowa ya kunna. In ya hau, sai ya gwada da na'ura ya tabbatar babu wuta, sannan ya haɗa layin da ƙasa da wata waya mai kauri ta gabansa da ta bayansa, ta yadda ko wani ya yi kuskuren kunnawa, wutar za ta bi ta nan ta nutse. Ga hular kwano, ga safar hannu ta roba wadda ake duba ta ko ta huje, ga takalmi mai kauri, ga ɗamara da ke riƙe shi a jikin turke, don faɗowa ma kanta ajali ce. Duk jinkirin nan da muke gani mu ce yanga suke yi, rai ake karewa.

Yanzu ga inda maganar ta shigo tsakar gidanmu. Kin san janaretanki na iya kashe mutumin da ke kan falwaya a can bakin titi? Wallahi da gaske. In aka jona janareta kai tsaye a wayarin gida ba tare da makunnin nan da ke raba wutar gida da ta waje ba, wanda masu gyara ke kira canjoba, wutar injin sai ta bi waya ta fita waje. In ta isa taransifoma, ita ba ruwanta da daga ina aka zo, yadda take rage ƙarfi in an zo ta sama, haka take ƙara shi in an zo ta ƙasa. Sai 'yar wutar janaretanki ta koma ta dubbai a kan layin da aka riga aka kashe. Ke kina ɗaki kina kallon fim, ɗan wata yana can yana kokawa da mutuwa, ba ki sani ba. Tun ranar da na ji wannan, duk gidan da na shiga na ji ƙarar inji sai na tambayi matar gidan yadda aka jona shi.

Ba na ce dukkansu waliyyai ba ne. Akwai masu karɓar na goro su mayar da wutar da aka yanke, akwai masu ɗaga tsani don tsoratarwa kawai. Amma fa hannu ɗaya ba ya tafi, wanda ya miƙa shi ne abokin wanda ya karɓa. Kuma shi mai tsanin ba shi ke rubuta kuɗin wuta ba, ba shi ke raba awoyin da za a ba unguwa ba. An aiko shi ne. Sau nawa muka ji an taru an yi wa ma'aikaci duka, ko an janye tsani yana sama? Ranar da Auta ya dawo da riga a yage saboda wasu matasa sun tare su a wata unguwa, Hajiya kuka ta yi, ta ce ashe bayan wuta har da mutane zai riƙa tsoro.

Ku tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta. Ƙanƙara ta zama gwal a Kano, masu sayar da zoɓo da kunun aya suka tafka asara, cajin waya sai an bi layi. Babban layin da ke biyowa ta Shiroro ɓata-gari sun riga sun lalata shi, ɗayan da ke hawowa ta jihar Binuwai kuma ya samu matsala a cikin daji. Su wa suka kutsa dajin suna bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har suka gano wurin suka ɗaura? Irin su Auta ne, 'ya'yan wasu matan ne kamar mu. Hausawa sun ce wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. To su dai sun hau.

Don haka ke uwa, in ɗanki ya nuna sha'awar wannan aiki, kada ki tsine masa, kada kuma ki bar shi ya koya a bakin layi. Ki tsaya sai ya bi ta makaranta, ya samu takarda, ya zauna ƙarƙashin wanda ya sani. Ki sani ba aikin tara dukiya ba ne cikin dare ɗaya, wasu ma da aikin wucin gadi suke farawa, amma sana'a ce da ba ta mutuwa, don muddin ana gina gidaje ana kafa turaku. Ke kuma budurwa, in mai irin wannan aiki ya zo neman aurenki, kada ki dubi kaushin hannunsa ki yatsina fuska. Ki dubi halinsa da addininsa. Amma ki shiga da saninki, za a kira shi da tsakar dare in iska ta kayar da turke, zai yi sallah wata shekarar a bakin aiki. Kuma in kin shiga, kada ki kuskura ki bar shi ya fita da ɓacin rai, mai hawa falwaya ba ya son zuciya biyu. Rigimar cefane ta jira ya sauko.

Sauran mu kuwa, abu kaɗan ne nake roƙo. Ku sa maigida ya kira ƙwararre ya saka canjoba. Ku daina haɗa kuɗi ana tura yaran unguwa kan taransifoma, a kai rahoto ofis ko da za a kwana biyu a duhu. In kin ga waya ta tsinke ta faɗo, ki ɗauka da wuta a jikinta, ki janye yara nesa, kada a taka ruwan da ke kusa da ita, kada kuma a taɓa wanda ta kama da hannu. Kada ki yi shanya a ƙarƙashin layi, kada a ɗaga rodi ko doguwar sanda kusa da shi. In kuma kin ga ma'aikata a ƙofar gidanki cikin rana, ki aika yaro da ruwan sanyi, ai da wutarsu ya yi sanyin.

Hajiya har yau ba ta daina tsoro ba, uwa ce. Sai dai yanzu kullum da asuba in Auta ya durƙusa gaishe ta, tana dafa kansa ta ce, "Allah ya hau da kai, Allah ya sauko da kai." Mu ma mu ce amin, a madadin duk wani ɗan da ke rataye a sama don ɗakunanmu su yi haske. Allah ya tsare su, ya ba su halal, ya mayar da su ga iyalansu lafiya.