Ma'aunin Zumunci a Wasan Kwamfuta

A hutun da ya wuce ne wani abokina ya ba ni aron kwamfutarsa, na shiga wani wasa mai suna Dragon Age: Origins, wanda kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar a shekarar 2009. Shi wannan wasa labari ne mai rassa, mai wasa kuwa shi ne jarumin, yana tafe da abokan tafiya. Kowane aboki yana da ma'auninsa, daga -100 zuwa +100. In ka faɗi abin da ya yi masa daɗi, ko ka ba shi kyauta, ma'aunin ya hau. In ka saɓa masa, ya sauka. Wannan lamba ita ce makullin labarin, domin akwai hira da sirri da ba za a buɗe maka ba sai ta kai wani matsayi.

To, a nan ne na kama kaina da halin da ban yi zato ba. Akwai wata matsafiya a ayarin, Morrigan, wadda sau da yawa ba ta son a tsaya taimakon raunana. Da na gane haka, sai in bar ta a sansani duk lokacin da zan yi aikin alheri, in na dawo kuma in miƙa mata sarƙa. Ma'auninta ya yi ta hawa, alhali ban taɓa faɗa mata gaskiyar ra'ayina ba. Shi kuwa Zevran, wanda na yi wa rai bayan ya zo kashe ni, ban kula shi ba don ban hango ribarsa ba. Ranar da tsohon abokin sana'arsa ya tare mu, sai ya koma wancan ɓangare, dole na yaƙe shi.

Abin ya tuna mini tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. Ita ma tana da makulli: wanke bayan tsohuwa. 'Yar bora ta wanke ba tare da sanin akwai lada ba, 'yar mowa kuwa ta je ne da lissafin lada a zuciyarta, ta dawo da wahala. Mai tatsuniya ya ɓoye ma'auninsa, shi ya sa ya iya gwada hali. Ni da aka nuna mini lamba, sai na zama 'yar mowa.

A wasa na biyu, Dragon Age II na 2011, an sauya tsarin. Ma'aunin ya koma mai kai biyu, wato abota da hamayya, kuma wanda ka kai ƙarshen hamayya da shi yana iya tsayawa tare da kai ranar wuya kamar aminin da ka kai ƙarshen abota da shi. Wanda ka bari a tsakiya shi ne abin tsoro.

A ganina wannan ya fi kusa da zumuncin da muka sani. Mai tsara irin wannan wasa ya kamata ya auna yawan cuɗanya da riƙon gaskiya, kada ya tsaya ga auna daɗin baki. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa ban taɓa takawa zuwa tantin Zevran ba.