Abin da Makulli Ke Iya Tsarewa

A watan Satumban 2021, bayan sace ɗaliban makarantar Kaya, wani malamin firamare ya kwashe iyalinsa daga ƙauyensu a ƙasar Maradun ya koma Talata Mafara. Ya kama hayar ɗaki biyu a bayan gari. Abin da ya fara yi shi ne ya sayar da tumaki biyun da suka rage masa, ya sa mai walda ya haɗa masa ƙofar ƙarfe mai kauri, wadda sai da ƙarti biyu suka kama kafin a kafa ta. A kan kaurin ƙarfen ya yi ta ciniki. Jamlok ɗin da za a sa kuwa ya bar wa mai waldan zaɓi, shi kuma ya ɗauko mafi araha.

Wata Talata, ranar da gari ke cika da 'yan kasuwa, uwargida ta tafi barka, yara suna makaranta. Da aka dawo, keken ɗinkinta ya yi ƙafa, haka ma buhun shinkafar da aka sayo daga manoman Bakolori. Ƙofa kuwa tana nan a kulle, ko ƙwarzane babu. Makullan gidan uku ne: nasa, da nata, da na ɗan ƙanwarsa, maraya ɗan shekara sha shida da yake riƙo. Ba wanda ya furta komai, amma idanu sun yi magana. Yaron ya daina zama cin tuwo da su. Sau ɗaya kawai ya ce, "Kawu, wallahi ban ba kowa makullina ba." Malamin ya yi shiru, kuma shirun ya fi duka ciwo.

Bayan kwana uku ya kwance silindar jamlok ɗin, wato guntun ƙarfen nan da ake zura makulli a cikinsa, ya kai wa wani dattijo mai yankan makulli a kasuwa, mutumin Bakura, don a ba shi sabuwa. Dattijon ya juya ta a tafin hannu, ya jawo wani tarin tsofaffin makullai da ke rataye da waya, ya shiga gwadawa. Bai kai ƙarshen tarin ba ɗaya ya juya.

"Malam," in ji shi, "wannan ba ta san mai gida ba. Duk wanda ya yi mata sallama sai ta amsa."

Abin da dattijon ya nuna yana da bayani mai sauƙi. A cikin silinda akwai ƙananan fegi, galibi biyar, kowane da sifirin yana danna shi. Haƙoran makulli su ke ɗaga kowane fegi daidai tsayin da ake bukata, sannan cikin silindar ya samu damar juyawa. Dabarar tsohuwa ce, mutanen Masar na dā sun yi irinta da katako, kuma Linus Yale ƙarami, mutumin Amurka, shi ya mayar da ita siffar da aka sani yau a shekarun 1860. Idan fegi biyar ne, kowane kuma yana iya ɗaukar tsayi iri shida, lissafi ya ba da makullai 7,776 mabambanta. To amma wannan sai an ƙera ta da kyau. Mai araha takan zo da fegi kaɗan, ramukanta da sako-sako, kuma masana'anta na maimaita yanka ɗaya a kan kwali bayan kwali. Sai ya zama makullin wani shago ya buɗe ɗakin wani, balle ga wanda ya mayar da abin sana'a.

Rauni na biyu yana tsakiyarta. Doguwar silindar da ake sa wa yawancin ƙofofin ƙarfe tana da siririn ƙugu, inda kusar da ke riƙe ta take ratsawa. Idan kanta ya leƙo waje da fuskar ƙofa, mai ƙarfi zai iya kama shi ya karya ta a nan. Wannan ya dami masu gidaje a Ingila har aka fito da ma'aunin inganci mai taurari, aka kuma riƙa ba da shawarar kada kan silinda ya leƙo fiye da milimita 3. Maganin a nan gida bai fi ƙarfin mai walda ba: a auna kaurin ƙyaure kafin a sayo, a kuma yi wa bakin silindar garkuwar ƙarfe. Wanda ya shiga gidan haya ya canza silinda tun ranar farko, domin bai san hannu nawa tsohon makullin ya ratsa ba. Da dare kuma sakata biyu daga ciki, sama da ƙasa, sun fi kowane jamlok amana, tunda ba su da ramin da za a taɓa daga waje.

Malamin ya tambaya ko akwai wadda za ta hana 'yan bindiga shiga. Dattijon ya girgiza kai. Wanda ya zauna a ƙasar da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 ya san cewa mai bindiga ba ya neman makulli. Bugawa yake yi, a buɗe masa don tsoron abin da ya fi sata. Wannan nauyi ne na hukuma da na al'umma, ba na guntun tagulla ba. Makulli na ɓarawon sanɗa ne, wanda jarinsa shiru da sauri. Aikinsa ya ɓata masa lokaci, ya tilasta masa yin ƙara har maƙwabta su leƙo.

Akwai kuma aiki na uku da ba a cika lissafa shi ba. Makullin kirki, idan an ci ƙarfinsa, yakan bar shaida: lanƙwasasshen ƙarfe, karyayyen firam, abin da kowa zai gani ya ce daga waje aka zo. Na banza kuwa yakan buɗe salin-alin ya koma ya rufe, ya bar mutanen gida suna kallon juna.

Keken ɗinkin bai dawo ba, ba a kuma san wanda ya ɗauka ba. Malamin ya sayi silinda mai tsada, ya tsaya a kan mai walda har aka daidaita ta da fuskar ƙofa. Ta zo da makullai uku. Bayan sallar isha'i ya kira ɗan ƙanwarsa, a gaban uwargida, ya ɗora ɗaya a hannunsa.

"Riƙe naka," ya ce. "Ka yafe mini."